Nonon Dama

Litinin, da hantsi

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Jiya aka naɗe tabarmin zaure, maigidana Tasi'u ya koma Dawanau wajen dakon buhu, don zama ba zai ciyar da mu ba a shekarar da ko afafata, tsakin shinkafar nan da a da ba a ci, sai an yi da gaske ake samu. Gidan ya yi tsit. Na ɗauko ragowar littafina na makaranta daga ƙasan akwati, saboda akwai abin da in ban fitar da shi ba zai shaƙe ni, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Nonona na dama ya yi tauri kamar dutsen niƙa. Ko hannu na ɗaga sai na cije leɓe.

Tun ranar suna Inna Hure, uwar mijina, ta raba wa tagwayena nono. Hassan dama, Usaini hagu. Ta ce haka ake yi wa 'yan biyu, kowa da nasa, kada ɗaya ya shanye rabon ɗan'uwansa su tashi da gaba. Wata uku muna a haka, ko cikin gyangyaɗi ban taɓa kuskure ba. Yanzu Usaini yana shan nasa. Na dama kuwa bai san an fita da mai shi a tabarma ba, ruwa kawai yake kawowa.

Hassan. Ga shi na rubuta. Da bakina ban taɓa kiran sunan ba, ɗan fari ne, ba a yi. Ranar da aka fita da shi ma ban yi kuka ba, mata sai yaba min suke, wai Sakinatu yarinya ce mai kunya da dauriya. Dauriyar me? Haƙorana kawai na datse.

Talata, bayan la'asar

Rigata ta jiƙe ɓangare ɗaya. Na sake wata, ita ma ta jiƙe.

Laraba, bayan azahar

Inna ta gan ni ina daka da hannun hagu, ta ce in biyo ta ɗaki. Ta duba, ta taɓa, na ɗauke numfashi. Sai ta ce in tatsa kaɗan a ludayi. Ta fita gindin danga ta dawo da tururuwa a kan tsinke, ta jefa ta ciki. Muka zuba ido. Ta yi ta wutsil-wutsil, ta zagaya, ta sake zagayawa, daga nan ta tsaya.

Inna ta ɗaga ludayin ta duba da kyau. Can ta ce, "Wannan nonon ba shi da kyau, 'yar nan. Ko da wasa kada ki sa wa Usaini shi a baki."

Na ce, "Inna, shi ne ya…" Ban ƙarasa ba, ita ma ba ta ƙarasa min ba. Ta ce kwana ne ya ƙare, in bar tone-tone. Amma idonta bai bar kan ludayin ba.

Ta ɗaure min ƙirji tamau ta ɓangaren dama don ruwan ya ƙafe. Da ta rasa abin ɗauri sai ta jawo majanyin da ke rataye a ƙusa. Nasa ne. Na ɗaga hannu ta ɗaure.

Tsoro nake ji. Wata uku ina ɗora yaron a kan nonon nan ina yi masa wasa, ina ja masa kumatu.

Alhamis, da hantsi

Usaini ba ya ƙoshi. Yana ja, yana ja, sai ya saki ya tsala kuka, ya juya kai yana laluben ɗaya ɓangaren, don ƙanshin yana kai masa. In juyar da shi, ya sake juyowa. Yaron nan da taurin kai, ubansa sak.

Da me ma nonon zai zo? Tuwon afafata da miyar tafasa jiya, yau ɗumamensa. Rumbu sai jemagu. Gero ya fitar da kai amma da saura kafin a fara tumu. Madarar gwangwani kuwa ba a ma zancenta a gidan nan.

Faccalata Barira, matar wan maigida, ta shigo aron maburgi ta same ni ina matsar ƙwalla. Ta ce ita ma nata yakan yi ciwo duk wata in al'ada ta kusa, ya yi nauyi, da jinin ya zo sai ya saki. Da shigar cikin ɗanta ma haka, ko zani ba ta son ya goge shi. Wai ƙila nawa ma irin wannan ne. Na ce Barira, ina jego ina al'ada? Ta ce to ita dai ta faɗi abin da ta sani. Barira kenan, ko ciwon kunne ka ce kana yi ta taɓa yin irinsa.

Amma ta ɗauki Usaini ta jijjiga shi har ya yi barci. Allah ya saka mata.

Asabar, da la'asar

Jiya ban iya riƙe biro ba. Sanyi ya rufe ni ana tsakiyar rana, haƙorana suna haɗuwa, na lulluɓa da zannuwa har da bargo. Da Inna ta kwance ɗaurin don ta shafa min farar ƙasa da kanwa, sai muka ga gefen hammata ya yi ja, yana ƙyalli, da wani ƙullutu a ciki mai zafi. Zugi yake tun daga nan har bayan wuya.

Barira ta leƙo ta ce wata gwaggonta a Makoda da ƙullutu ta fara, ashe ciwon nan ne da ba a son kiran sunansa. Inna ta ce, "Barira, tukunyarki na ƙonewa." Ba ta ɗora komai a wuta ba, amma ta fita.

Yanzu tsoro biyu ne a kaina. In nawa irin na gwaggon Barira ne, wa zai riƙe Usaini? In kuwa ba shi ba ne, to abin da tururuwa ta nuna ne. Ban san wanda zan roƙa ya zama shi ba.

Aka mayar da ɗaurin, har ya fi na da ƙarfi.

Lahadi, bayan asuba

Na farka na miƙa hannun dama ina laluben shimfiɗa. Kullum sai na yi.

Litinin, bayan magariba

Inna ta aika wa Muntaka wanzami. Zai zo Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi min sakiya, wai in aka fitar da mugun ruwan zan samu sauƙi. Na taɓa ganin askarsa ranar da ya cire wa yaran beli.

Maigida ya kira ta wayar Barira. Ina jin hayaniyar motoci a bayansa. Ya ce, "Yaya jikin?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Usaini fa?" Na ce yana nan. Ya ce kasuwa ba ciniki, masu dako sun fi buhunan yawa, amma zai zo ƙarshen wata in Allah ya yarda. Ya ce in bi abin da Inna ta ce, ta fi mu sani. A ƙarshe na ji yana jan hanci, ya ce wai ƙurar hatsi ce.

Ban gaya masa zancen tururuwa ba. Ta yaya zan fara?

Talata, da hantsi

Na yi abin da bai kamata in yi ba, ko kuma abin da ya kamata in yi tun farko, ni dai ban sani ba.

Inna ta tafi gona roron ganye. Ina zaune Usaini yana shan hagu, sai zuciyata ta ce, jiki ɗaya ne fa, abinci ɗaya, jini ɗaya. Me ya raba dama da hagu? Na zare masa nonon, na tatsa a ludayin nan, na je gindin danga na samo tururuwa.

Ta mutu. Na ce ƙila mai rauni ce, na samo wata ƙatuwa. Ita ma ta mutu.

Innalillahi. Na zauna a ƙasa a tsakar gida. Usaini yana kuka a ɗaki yana neman a mayar masa, ni kuwa ina jin kamar guba na ɗura masa tun safe.

Talata, bayan la'asar

Ban ba shi ba. Na dama kamu da ruwan randa, na tace, ina ɗiga masa da cokali. Yana tofarwa, yana bankarewa, yana cusa fuska a rigata. Na ce yi haƙuri, uwarka ce ba ta da kyau.

Inna ta tambayi kukan me yake, na ce ciki ne. Ban iya gaya mata ba. In na faɗa ya tabbata.

Laraba, bayan asuba

Zawo yake. Na wanke tsumma har na rasa busasshe, ga ruwan sama bai bar komai ya bushe ba. Yanzu na hagun ma ya cika ya ɗau zafi, ƙirjina duka biyu kamar an ɗora min garwashi.

Kukan ya ragu. Ba na son yadda ya ragu. Haka wancan ma ya yi.

Laraba, da hantsi

Maɗigarsa ta faɗa. Na taɓa, na sake taɓawa. Ya Allah.

Alhamis, bayan azahar

Bari in rubuta na jiya tun da saura a kaina.

Barira ce ta kama ni da cokali a bakinsa. Ta ce, "Ke, me kike ba jaririn wata uku?" Sai bakina ya buɗe, na gaya mata duka. Ba ta tsaya ba ni labarin gwaggon kowa ba, ta juya da gudu ta kira Inna.

Inna ta shigo ta ɗauki Usaini, ta shafa kansa, ta buɗe idonsa ta duba. Ta ce, "Tun yaushe rabonsa da nono?" Na ce tun jiya da hantsi. Na zaci za ta zage ni. Sai ta ce, "Ɗauko mayafinki." Ita da kanta ta goya shi, tsohuwar da gwiwa ke hana ta ruku'u. Babu ɗan acaɓa, tun da mai ya yi tsada sun daina shigowa ƙauyenmu sai ranar kasuwa. Muka bi ta cikin gonaki, gero ya fi mu tsawo, taɓo har idon sawu. Duk taku sai na ji shi a ƙirji. Ina bayanta ina kallon ƙafar yaron tana reto, ina cewa Allah ka sa ta motsa.

A asibitin sha-ka-tafi muka samu Malama Kaltume, wata doguwa mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta karɓi Usaini, ta duba shi, ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba shi kaɗan-kaɗan, tana tambayata. Da na zo kan tururuwa sai ta ajiye cokalin.

Ta ce, "Inna, da kun tatso nonon akuyarku kun jefa ta, da haka za ta yi. Nutsewa take, ba guba ba ce. Nawa ma in na tatsa yanzu mutuwa za ta yi, ga 'yata can tana sha."

Inna ta ce, "Haka muka taras ana yi."

Ta ce, "Na sani, Inna. Tawa kakar ma ta yi." Sannan ta juyo kaina. "Ba shi nono yanzu, ina kallo."

Na sa masa hagu. Da fari bai kama ba, ya yi laushi. Ta tatsa masa a leɓe, ya lasa, ya lasa, sai ya cafke. Sai na ji haɗiyarsa.

Ta kwance majanyin ta ga yadda ya yi min shata a jiki, ta ja tsaki. Ta ce ɗaurin nan da barin nonon ba a sha, su suka jawo ciwon. Ruwa ne ya taru ya rasa hanya, ya toshe, wurin ya kumbura har ya kawo zazzaɓi. Na tambaye ta ƙullutun, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce alamunsa na toshewa ne, mai zafi ne kuma ya zo farat ɗaya, amma in ciwon ya warke shi bai tafi ba, lallai in dawo ta tura ni babban asibiti a duba. Ta ce ciwon nono iri-iri ne, na gabanin al'ada, na shigar ciki, na yaye, na tsagewar kan nono, har na matsattsiyar rigar mama, kuma wanda ya fi son a kai shi asibiti da wuri sau da yawa ma ba ya zafi. Na ce a raina ashe Barira ba duka ta yi shirme ba.

Ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi ta ɗora min, ta nuna min yadda zan shafa a hankali daga hammata zuwa gaba, ba murza ba, in tatsa. Wayyo, na ga taurari. Ta ce ɗumi kafin shayarwa, tsumma mai sanyi bayanta, riga sakakkiya, ruwa da yawa, ga ƙwayoyi in shanye su duka ko na ji sauƙi, ga na rage zafi. Aska kuwa kada ta kusance ni. Ta kalli Inna da ta faɗi wannan.

Sai ta ce, "Yanzu juya shi dama. Babu mai buɗe hanyar nan kamar bakinsa."

Na ce a'a.

Ta ce, "Ba zai cuce shi ba."

Na ce, "Na wansa ne." Inna ce ta yi mata bayani, ni na kasa. Malama ta cire tabarau ta goge. Na ce ta gaya min tsakani da Allah, shi ne ya tafi da wancan? Ta ce ba ta ga yaron ba, ba za ta ce ga abin da ya ɗauke shi ba, zazzaɓin damina ya ɗebi yara da yawa bana. Amma ba nonona ba ne, wannan ta tabbata. Ta ce in ban bari an sha ba, zai iya tara mugunya, sai an tsaga, kuma hagu kaɗai ba zai riƙe Usaini yadda ya rame ɗin nan ba.

Sai da yamma ta sallame mu, bayan ya yi fitsari. Na ji duk abin da ta ce. Kunnena ya yarda, hannuna ne bai yarda ba.

Juma'a, bayan la'asar

Muntaka wanzami ya zo da zabirarsa. Inna ta tare shi a zaure, ta ba shi goro, ta ce an fasa. Ina jinsa yana cewa asibiti ba su san kan ciwon mata ba. Inna ta ce ya gaida gida.

Zazzaɓin ya sauka kaɗan. Na gasa, na tatsa a ƙoƙo, kaɗan ke fita, ƙullutun yana nan daram. Na rasa inda zan zubar da abin da na tatsa, na kai gindin zogale. Usaini yana shan hagu har ya ƙafe, ya saki yana kuka, haƙarƙarinsa a waje.

Sau biyu ina juya shi dama. Da bakinsa ya kusa sai in ga tururuwar nan tana zagaya ludayi, in janye shi.

Asabar, da hantsi

Na sake gwadawa. Na kasa.

Asabar, bayan magariba

Da la'asar Inna ta shigo ta same mu, shi yana kuka, ni na haɗa kai da gwiwa. Ta zauna a bakin gado da ƙyar, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ta ce ita ma ta binne uku kafin Tasi'u, kowanne an gwada mata tururuwa, kowanne ta mutu. Ta ce tun ranar da muka je asibiti take tunanin wannan.

Ta karɓi Usaini ta ce, "Ni na raba musu, ko ba ni ba?" Na ce ke ce. Ta ce, "To wanda ya riga mu ya bar abinsa. Wa zai gaje shi in ba ɗan'uwansa ba? Buɗe."

Ta aika Barira ta kawo ruwan ɗumi, Inna ta gasa min da hannunta. Ta yi bisimilla, ta ɗora min shi a dama, ta riƙe kansa don kada in janye. Ya kama. Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa, na damƙe zanin gado. Yana ja, yana haɗiya, yana ja, har ya ƙware don yawan ruwan, ya yi tari ya koma. Can sai na ji wani abu ya saki daga gefen hammata, nauyin ya fara sauka.

Ya ɗora hannu a ƙirjina, daidai inda wancan yake ɗora nasa. Sai na ji bakina ya ce, "Hassan." Da ƙarfi, a gaban uwar mijina. Kukan da ban yi ba ranar nan ya zo gaba ɗaya, har da majina, har da shessheƙa.

Inna ba ta ce in yi shiru ba. Ta ce wa Barira ta saki labule.

Ya yi barci da nono a gefen baki. Ina zaune ina kallon cikinsa yana hawa yana sauka. Har yanzu tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakina, ta ce yau nan za ta kwana.

Lahadi, bayan asuba

Ya tashi. Ya yi miƙa, ya yi fitsari ya jiƙa ni, ya juya kai yana lalube.

Dama ya nema, na ba shi.